Riga Biyu a Jikin Ɗan Fari

Tunda ka ce kai ka san abin da ke ran 'ya'yanka, zauna in ba ka wani misali.

An yi wani mai walda da garinsu ya san shi da abu biyu: ƙarfen da ya haɗa ba ya rabuwa, kuma ƙungiyar ƙwallon garin, masu jar riga, ba ta taɓa wasa a gida ba ya nan ba. Benci guda suke zama shi da abokansa a bayan raga, tun suna samari har furfura ta fara leƙo musu. A bencin nan ba a raga wa kowa. Wanda bakinsa ya suɓuce ya yabi ɗan wasan wata ƙungiya, sai ya shekara yana shan tsiya. To, mai waldan yana da ɗan fari, wanda tun yaye kakarsa ta ɗauke shi zuwa garinsu na ƙetaren kogi, a can ya yi wayo. Da tsufa ya ci ƙarfin kakar, aka dawo da yaron gidan ubansa da ƙunshin kayansa. A cikin ƙunshin har da wata shuɗiyar riga ta ƙungiyar can, wadda ba ta ga maciji da masu ja. Kawunsa ne ya saya masa, wuyanta har ya saki don yawan wanki.

Ranar da masu shuɗi suka zo wasa, yaron ya fito tsakar gida sanye da rigarsa. Uban ya gan shi. Ya hango dariyar benci, ya ji ana cewa mutumin da ke haɗa ƙarfe ya kasa haɗa kan gidansa. Bai yi faɗa ba, don ka san mutanenmu da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a jan hira da shi, balle a tsaya kallon fuskarsa a gaban jama'a. Sai ya ɗauko wata jar riga mai ɗan girma, ya ajiye kusa da yaron yana duban bango, ya ce, "A ɗora wannan a kai." Yaro ya ɗora. Haka aka riƙa yi duk sa'ad da ƙungiyoyin biyu suka haɗu: ja a waje, shuɗi a ciki, yaro a ƙarshen benci yana jiƙewa da gumi, uba kuwa idonsa na kan fili, yana ganin ya rufa wa kansa asiri.

Ana nan, wata rana da la'asar, wasa ya kusa tashi babu ci, sai masu shuɗi suka zura ƙwallo. Wuri ya yi tsit. Cikin shirun nan wani tsohon direba, wanda kullum shi ke zama kusa da yaron, ya miƙo kai ya ce, "Don Allah ka cire wa yaron nan rigar sama kafin zafi ya kayar da shi. Ai tun bara muka sani." Mai walda ya tambaye shi wa ya faɗa musu. Tsohon ya ce, "Babu wanda ya faɗa. Duk bencin nan kai kaɗai ne ba ka dubansa."

Sai mai walda ya juya ya dubi ɗansa, abin da bai taɓa yi ba a cikin mutane. Yaron ya cije leɓe, ya tura hannuwansa ƙarƙashin cinyoyinsa don kada su yi tafi, idanunsa kuwa sai sheƙi suke, murna na neman ta fasa shi. Ashe abin da abokansa suka daɗe suna kallo ke nan. In masu ja sun ci, yaron kan tafa da fuska kamar ta mai zaman makoki. In masu shuɗi sun taso da ƙwallo, wuyansa kan miƙe. Mutanen da ba su taɓa raga wa kowa ba sun yi shiru da bakinsu don kada su kunyata uba a gaban ɗansa, tsohon direba kuwa gyaɗa yake saya wa yaron duk ranar da aka ci masu shuɗi. Kunya ta kama mai walda, ba irin wadda ya saba ji ba, tausayin yaron kuma ya cika masa ciki. Da hannunsa ya zare jar rigar, ya rataya a kafaɗa. Wani matashi daga baya ya ɗaga murya da ya ga shuɗi a tsakiyar ja, benci ya juyo gaba ɗaya, aka ce masa yaronsu ne, ya kama bakinsa.

Tsiyar da yake gudu kuwa ya sha ta. Har yau Baban Shuɗi suke ce masa, kuma yana amsawa. Amma a hanyar gida ran nan, yaron da bai taɓa ba shi labari ba ya yi ta kwatanta masa yadda aka ci ƙwallon, har da ƙafa, kamar uban ba ya wurin. Uban da aka ci ƙungiyarsa ya rage sauri don labarin kada ya ƙare.

Riga ta rufe ƙirji, ba ta rufe abin da kowa ya gani ba sai shi. Shi ya sa Hausawa ke cewa, labarin zuciya a tambayi fuska.