Miyar Riɗi a Ranar Suna

Mansur bai kai rabin kwano ba leɓɓansa suka kumbura. Ya kama maƙogwaro yana tari, jikinsa duk ya yi ruɗu-ruɗu, a tsakiyar taron sunan jikata.

Da ƙyar ya ce, "Ɗelu ce! Mayyar nan ta sake kama ni!"

Ɗelu ƙanwata ce. Tuwo take saidawa a tashar Madarumfa, har ranar da Mansur ya ci ya kumbura, ya bi gari yana cewa ta kama mishi kurwa. Tun daga nan ko kare ba ya tsayawa rumfarta. Ni kuwa na sha yawon mota, na taɓa ganin mai irin wannan a Katsina: jikinsa ne ba ya shiri da riɗi. Ɗelu kuma da riɗi take miya. Na gaya wa Mansur, ya ce ƙaryar tsofaffi ce.

Majo, likitan garinmu, wanda na zaunar kusa da shi da gangan, ya danna mishi allura a cinya. Numfashi ya dawo.

Na ce, "Mansur, ka tabbata wadda ta dafa miyar nan mayya ce?"

"Wallahi! A kore ta daga garin nan!"

Na juya ga taro na ce, "Jama'a, kun dai ji. Ɗelu tana garin Safo tun jiya. Hajiya Farida na roƙa ta yi mana miyar riɗin nan. Hajiya, hito, ɗanki yana da magana!"

Mahaifiyarsa ta fito da ludayi a hannu, tana tambaya ko gishiri ne ya yi yawa.