Ƙuri'ar Ƙarshe Kan Filin Bayan Unguwa

Ƙuri'arsa ce ta rage. Huɗu a kwamitin sun amince a gina benaye masu gidaje ɗari biyu a filin bayan unguwa, huɗu sun ƙi. Maƙwabtan da suka turo tsohon malamin sun zuba masa ido.

"Kafin in ce a'a, wai su wa za su cika mana unguwar?"

"Baƙi mana!" in ji wani.

Sakatariya ta miƙo jerin masu nema. A layi na uku ya ga sunan ɗansa, wanda ya shekara bakwai a ɗakin ƙofar gida da mata da 'ya'ya uku, bai taɓa ƙorafi ba.

"Malam, muna jira."

Ya cire tabarau. "Na amince."