Ranar da Aka Zo Ɗaukar Gadon Munzali

Tun da hukuma ta hana uwa kwana da jariri don gudun dannewa, kowace mai jego ake kawo wa ɗan gado mai ɗumi, mai numfashi kamar mutum. Yau aka yaye Munzali, doka ta sake shi. Zuciyar mahaifiyarsa, Rahane, kamar ta fashe don murna.

Bayan azahar ta shimfiɗa sabon zani, ta kwanta, ta buɗe hannu.

"Kai, yaron nan, zo mana."

Ɗan fari ne, ba ta taɓa faɗin sunansa ba.

Surukarta, Iya Tasalla, ta yi dariya. "Ke da kunyarki! Da 'yaron nan' za ki lallashe shi?"

Ma'aikatan hukuma suka zo, suka ciccibi gadon za su fita. Sai ga murya daga cikinsa, muryar Rahane sak: "Munzalina, yi barci."



Yaron ya ruga tsakar gida yana ihu: "Umma! Kar ku tafi da Umma!"

Rahane ta yar da kunya, ta ƙwala kira: "Munzali!"

Ya tsaya cak. Ya rungume ƙafar gadon, ya ce masa, "Na'am."