Matakala Mai Ladabi

"Ni da na yi wa tankar mai sabon gindi, matakala za ta gagare ni? Alhaji, kwana biyu. In ta kai ukku, ka sake mini suna."

Armiya'u mai walda ke nan, ranar da Alhaji Dikko, dillalin hatsi, ya kai masa sabuwar a-kori-kurarsa a garejinsu na bayan tashar jirgi a Kaura Namoda. Yau kwana goma sha tara. Sunan dai yana nan Armiya'u.

Aiki biyu ne. Na farko ƙarafan gefe, masu kare gindin ƙofa daga duwatsun hanyar Zurmi. Waɗannan an liƙa su tun yammacin farko. Na biyun shi ne ya zama ƙarfen ƙafa: matakala mai lantarki, wadda in an buɗe ƙofa take sauko da kanta, in an rufe ta koma ta ɓuya.

Ba don burga Dikko ya saye ta ba. Motar doguwa ce, mahaifiyarsa Hajiya Ladidi kuwa gwiwoyinta sun gaji. Ƙanwarta Rabi'atu, wadda ta rage mata a duniya, tana kwance ba lafiya a Galadi, kullum sai ta aiko tana tambaya. An taɓa kafa wa Hajiya turmi ta taka, turmin ya mirgine. Aka ce a ɗaga ta, ta ce ita ba buhun gero ba ce, kuma ba za a cicciɓe ta gaban surukai ba ko da ƙafa za ta tafi.

Kullum Dikko ya je gareji da labarin da zai tarar. Yau waya ce ta yi gajarta. Gobe batir ne bai da lafiya. Jibi Turawan da suka rubuta takardar ne ba su san aiki ba. Wajen kuwa ƙaurin ƙonanniyar roba kawai yake yi, Armiya'u ya ce maƙwabta ne ke ƙona taya.

Mutum ɗaya ne ba ya ƙara masa hawan jini: Malam Sagir, yayan Armiya'u, mai juye baƙin mai. Siririn dattijo ne mai tsoron Allah, wanda ko rediyo ya yi sallama sai ya amsa. In an tambaye shi zancen matakala, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah dai shi sawwaƙe."

Ranar Laraba Dikko ya kai bango. Ya ce in Asabar ta yi abin bai motsa ba, zai ɗauke motarsa ya kai Gusau, sa'annan ya tsaya tsakiyar kasuwar hatsi ya ba da labarin gwanintar Armiya'u kyauta.

Daren Juma'a sai ga waya: an gama.

Asabar da hantsi Dikko ya iso da Hajiya a keke napep. Ya tarar Armiya'u ya tara jama'a: masu faci, 'yan acaɓa, har mai shayi ya bar tukunyarsa. Motar na tsaye bisa ramin juye mai, an kewaye ƙasanta da buhuna.

"Hwentin ƙarafan ne bai bushe ba," in ji Armiya'u. "Yau gwaji, gobe ka ɗauka."

"Ina Malam Sagir?"

"Ya tahi Shinkahi gaisuwar mutuwa."

Dikko ya yi tuntuɓe da wasu tsofaffin silifas a bakin ramin, ya yi tsaki ya shure su gefe. Ya miƙa hannu zai buɗe ƙofar direba, Armiya'u ya tare shi.

"Ba wagga ba, ta Hajiya. Kuma sai ka ƙwanƙwasa sau biyu. Na'urar sai an tashe ta."

"A cikin bidiyon da na gani ba a ƙwanƙwasawa."

"Waccan ta Turai ce, Alhaji."

Dikko ya zagaya wajen ƙofar Hajiya. Ya ƙwanƙwasa, ya buɗe. Shiru. Sai ga matakala ta leƙo, ta sauko sannu a hankali, gefe ɗaya ya riga ɗaya, ta daidaita. Jama'a suka ɗauki sowa. Ya rufe, ta koma. Ya buɗe, ta dawo. A karo na biyar ta ɗan yi nawa, Armiya'u ya ce sabon inji haka yake, sai ya huta.

Kwana goma sha tara na baƙin ciki suka fara sauka daga ƙirjin Dikko. Har ya ji kunyar maganar da ya yi ranar Laraba. Gobe war haka suna hanyar Galadi.

"Inna, bismilla. Gwada," in ji Dikko.

Armiya'u ya ce ai fenti bai bushe ba, Hajiya ta ce ita ba fenti za ta taka ba. Ta miƙa wa Dikko sandarta, ta kama murfin ƙofa, ta ɗora ƙafa. Matakalar ta yi wani ɗan nishi, amma ta riƙe.

Ita kuwa Hajiya, tun tasowarta ba ta taɓa shiga ko rumbu ba sai da sallama. Ta sa kai cikin motar da babu kowa, ta ce, "Assalamu alaikum."

Armiya'u ya runtse ido.

Daga ƙarƙashin matakalar, cikin muryar wanda ya ɗauki kaya a kafaɗa, mutumin da ya tafi gaisuwa Shinkafi ya ce, "Wa alaikumus salamu, Inna. An zo lahiya?"