Kujerar Kawu Ilu

Tun da aka sallami alƙalan gasar finafinai, kujerun sinima ke zaɓen gwarzon fim na shekara. Hawayen masu kallo suke aunawa.

Ranar sadakar ukun ɗansa, Malam Ilu na zaune kan tabarma sai ga Nafi'u, ɗan ƙanwarsa mai shirya fim. Ya durƙusa ya yi ta'aziyya, sannan ya rage murya.

"Kawu, gobe za a rufe awo, kaɗan ya rage in zo na ɗaya. Na ajiye maka kujera."

"Rabona da kallo shekara ashirin. Ba lallai in yi kuka ba."

"Za ka yi, Kawu."

Malam Ilu ya daɗe yana dubansa. "Akwai yaron da ke rasuwa a ciki?"

Nafi'u ya sunkuyar da kai. "Shekaranjiya na ƙara shi."