Roƙon Inna

Bayan shekara ashirin da shida yana aikin bishara a ƙasar waje, wani bishop na cocin Katolika ya dawo ƙauyensu na bayan Bunkure. Ya tarar da mahaifiyarsa a bakin gona tana yanka tumatirin shanya da lalube, don idonta ya tafi.

Ya durƙusa. "Inna, sannu da aiki."

Ba ta gane muryar ba. Ƙanwarsa da ke gefe ta harare shi, ta ce mata wani babban malamin coci ne ya zo.

Tsohuwa ta goge hannu, ta sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, ka roƙa mini manyanku. Ɗana yana wurinsu, ko mutuwar ubansa bai zo ba. Su sako mini shi ya binne ni."