Kwalbar Baban Odile

Tun daga bakin ƙofa Odile ta san akwai matsala. Ƙamshin nama ya cika gidan, amma ba ƙamshin da ta zo nema ba ne.

A yankinsu na Burgundy, a ƙasar Faransa, kowa ya san ƙa'idar farfesun burginyon. Kwalba guda cur ta jar giya ake juyewa kan naman sa ya kwana a ciki, a soya shi da kitsen alade, a bar shi bisa wuta kaɗan-kaɗan awa uku. Ba a cinsa ranar da aka dafa, sai ya ƙara kwana. Odile kuwa 'yar mai gonar inabi ce, da hanci take gane tukunyar da aka yi wa ƙwauron giya.

Wata goma sha ɗaya ke nan da ta ɗauki 'yarsu Maelle ta koma gidan iyayenta saboda shan mijinta Gaspard. Yanzu ya ce ya daina. A waya ya faɗa, da cika bakin nan nasa, wai ko a ganga aka tsoma shi ba zai haɗiyi ɗigo ba. Ita kuma rantsuwa ta ishe ta. Sai ta aika masa kwalba ɗaya daga ajiyar babanta, irin wadda tsohon ke like bakinta da jan kakin zuma, ta ce ya dafa mata burginyon ranar Lahadi. In giyar ta shiga tukunya duka, za su dawo gida. In ba haka ba, takardun rabuwa suna jakarta, hannu kawai ya rage ta sa.

Gaspard ya yi aski, ya goge riga, har tebur ya shimfiɗa wa farin ƙyalle. Da ya ɗago tukunyar ƙarfen daga murhu, murfin sai ƙarar-ƙarar yake.

"Kin rame, Odi," in ji shi.

"Kai kuma hannunka na rawa."

"Tukunyar ce da nauyi. Kin manta ta kakata ce?"

Da ya juya yanka burodi, ta ɗaga murfin kwandon shara da ƙafa. Ɓawon karas, ɓawon albasa, da kwalin ruwan inabi marar giya na kanti har biyu, an matse su an tura can ƙasa. Kwalbar babanta kuwa babu ita. Wannan ma tsohon hali ne, da can a bayan injin wanki yake ɓoye kwalabe in ya shanye.

Duk da haka ta zauna, don tana son a ce kuskure ta yi. Ba ta taɓa son wani abu kamar haka ba.

Naman ya dahu luƙwi, cokali ma yanka shi yake. Romon ya yi duhu yadda ake so. Amma tana kai shi baki ta ji zaƙi, irin na abin shan yara, da wani ɗan tsami da aka ƙara don a rufe zaƙin. Ya yi ƙoƙari, ba laifi. Gaspard dama gwani ne wajen rufe ɓarna.

Ta ajiye cokali. "Nawa ka sha?"

Fuskarsa ta yi ja. "Odi, tsaya in faɗa miki gaskiya. Ranar Juma'a na ɗauko kwalbar, na ajiye ta nan gabana, sai..."

"Ya isa. Shekara tara ina jin gaskiyarka."

"Don Allah ki bari in ƙarasa."

"Maelle ta haɗa jakarta tun jiya, ka sani? Har da takalmin barcinta. Me zan je in ce mata?"

Ta zaro takardun, ta sa hannu a kan farin ƙyallen, kusa da farantin da ba ta ƙara taɓawa ba, ta tura masa. Ya tsaya yana kallon su kamar wanda bai iya karatu ba.

Sai da ta kai wajen cocin ƙauyen kuka ya ci ƙarfinta, ta tsayar da mota. Tana laluben hankici ta taɓo mukullin gidan. Ko shi ba ta son ya ƙara kwana a jakarta. Ta juya, da niyyar ta ajiye masa a tebur ta fita ba tare da ta ce uffan ba.

Ƙofar kicin a buɗe take. Gaspard na zaune inda ta bar shi, ya ba ta baya. A kan takardun akwai ɓarɓashin jan kaki da aka fasa yanzu-yanzu. Kwalbar babanta na gabansa, ashe sai yanzu ya buɗe ta, kofi ɗaya tak aka tsiyaya daga cikinta, kofin kuwa yana hannunsa, ya riga ya shanye.